Bishiyar robarka ta taɓo silin? Rage mata tsayi, ka samu wasu kyauta

Ka sayo ta 'yar ƙarama a tukunya don ta ƙawata ɗaki, ta riƙa fitowa a hotunanka na Instagram. Yanzu ta miƙe har silin, ganyen ƙasa sun zube, ta zama sanda mai ganye a ka. Tawa ma haka ta yi, na shafe wata biyu ina tsoron sa mata almakashi kar ta mutu.

Kwantar da hankalinka. Wannan shuka, wadda masana ke kira Ficus elastica, 'yar asalin kudu da kudu maso gabashin Asiya ce, kuma dangin ɓaure, ceɗiya da durumi ce. Tana da ƙwari sosai: a jihar Meghalaya ta Indiya, da saiwoyinta ake saƙa gadoji a kan rafuka. Ka taɓa ganin an sari reshen ceɗiya an kafa a ƙofar gida ya kama? To, ita ma haka take.

Fara da yankan. Farkon damina ya fi, lokacin da take tsiro, ba tsakiyar hunturu ba. Nemi wuƙa ko almakashi mai kaifi, ka goge da sanitaiza. Yanke daidai saman gaɓa, wato inda ganye ya fito daga kara, kuma kar ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku. Tohon da ke can sama shi ke danne na gefe, da zarar ka cire shi sai rassa su fito, ta yi cika.

Amma fa a kula: farin ruwa kamar madara zai tsiyayo. Yana sa ƙaiƙayi, yana kuma cutar da ido. Sa safar hannu, shimfiɗa tsohuwar jarida, ka nisanta yara da kyanwa.

Kan da ka yanke kuma, kar ka jefar. Ɗauki tsawon santimita 10 zuwa 15 mai gaɓa biyu ko uku, ka cire ganyen ƙasa, ka bar ɗaya ko biyu. Idan ruwan ya tsane, sa shi a kwalbar ruwa, gaɓar ta nutse, ka riƙa canja ruwan duk bayan kwana uku. Ko ka dasa a ƙasa mai haɗe da yashi, ka lulluɓe da farar leda. Ajiye inda haske yake, ba cikin rana tsaka ba.

Sai haƙuri: saiwa kan ɗauki mako 4 zuwa 8. Na farko da na dasa ruɓewa ya yi, saboda kullum sai na zuba masa ruwa. Taɓa ƙasar da yatsa, in da danshi, ƙyale ta.

Daga uwa ɗaya yanzu ina da tukwane uku. Na ba abokin karatuna ɗaya, na sayar da ɗaya na sayi data.