Daga motar kara zuwa mai sulke: Lissafin da ke cikin ƙaramar motar yaƙi

Duk wanda ya tashi a Dumega, ko Tibiri, ko Dogon Dutsi, ya san motar kara. Yaro ya ɓare karan dawa, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya ɗaura zare ya ja. Masu ɗan wayo su koma gwangwanin madara da waya. Yaro kuwa abin da idonsa ya gani yake kwaikwaya. A da manyan motocin albasa ne da ke bin hanyar Ƙonni zuwa Yamai. Yanzu da matsalar tsaro ta taɓa jihar Dosso, musamman ta gefen iyakar Najeriya, ayarin soji ma ya shiga cikin abin da ake gani, don haka ba mamaki hankalin mai ƙira ya koma kan mota mai sulke.

Sai dai tsakanin wadda ake ja da zare da wadda za ta tashi da kanta, ta yi kwana, ta hau tudu, akwai tazara, kuma tazarar lissafi ce.

Abu na farko shi ne awo. Idan babbar motar tana da tsawon mita 6, aka so a rage ta sau 10, samfurin zai zama santimita 60, kuma dole taya da ƙofa da gilashi duk su ragu daidai da haka. Amma nauyi ba sau 10 yake raguwa ba, sau 1,000 ne, domin tsawo da faɗi da tsayi duk sun ragu tare. Motar tan 10 za ta dawo kilo 10 kacal. Nan ne da yawa ke tuntuɓe: don a ce sulke ne, sai a lafta ƙarfe mai kauri, a gama walda, inji ya kasa motsa ta. Falle na kwanon rufi, ko bututun roba da aka gasa aka miƙe, ya wadatar.

Sai inji. Wanda ya fi sauƙin samu a wurin 'yan gwangwan shi ne na share gilashin mota, da batirin babur mai bolt 12. Yana da ƙarfi amma ba shi da sauri, bai cika wuce juyi 60 a minti ba. Tayar da faɗinta santimita 10 ne tana cin kusan santimita 31 a kowane juyi, wato samfurin zai yi ɗan sama da kilomita 1 a awa, tafiyar hawainiya. Mai son ƙarin gudu sai ya haɗa da sarƙar keke da haƙoranta, ya kuma yarda cewa duk saurin da ya ƙaru, ƙarfin ja ya ragu. A rairayin Dallol Mawri ba a raina ƙarfin ja, ko babbar mota ta san haka.

Siffar jikin ma ba ado ba ce. Ƙarfen da aka karkata da digiri 60 daga tsaye, hanyar da harsashi zai bi a cikinsa ta ninka biyu. Cikin motar da ake yi kamar harafin V, dabarar da ta bunƙasa a kudancin Afirka a shekarun 1970, yana watsa ƙarfin nakiya zuwa gefe. Matashin da ya gane dalilin waɗannan ya riga ya taka matakin farko na aikin injiniya, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Manyan ma sun fara. A Disamba 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Ezugwu a Kaduna, mota mai sulke mai jure nakiya wadda hukumar ƙera makamai ta DICON ta yi tare da rundunar sojin ƙasa. A 2025 kuma aka nuna Tamgak Wangari a Yamai, motar soji marar nauyi da kamfanin Guedesign Automotive ya ƙera a cikin gida. Irin waɗannan masana'antu na buƙatar masu walda da masu zane, ba manyan injiniyoyi kaɗai ba.

Misali mafi kusa da Arewa yana tsallaken iyaka. Jelani Aliyu, wanda ya girma a Sakkwato, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya tafi Detroit ta Amurka, ya shiga General Motors, ya zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna a 2007. Baiwa ce, amma makaranta da tallafin karatu ne suka kai ta can. A Nijar akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a ƙananan hukumomi, da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da EMIG a Yamai. Abin da aka fi gani shi ne a ɗauki bidiyon yaro, ya zagaya WhatsApp kwana uku, a yi ta sa albarka, babu wanda ya kama hannunsa zuwa ɗaya daga cikinsu.

Akwai kuma abin lura. A yankin da ake zaman ɗar-ɗar, na'ura mai launin soji, da batir da wayoyi, da ake sarrafawa daga nesa, tana iya tayar da hankalin jami'in tsaro. Kada a ɗora mata wani abu mai harbi ko fashewa, ko da na wasan salla ne, kada a gwada ta kusa da shingen bincike, kuma a sanar da mai gari kafin a fito da ita kasuwa.