Kifin Bakolori: A Gyara Ruwa Kafin A Zuba Iri

Da wuya a sami wani aikin Gwamnatin Tarayya a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun wanda ya kai madatsar ruwa ta Bakolori girma ko cin kuɗi. An soma gininta a kan Kogin Sakkwato cikin shekarar 1974, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya kammala ta cikin 1978. Tsawon bangonta ya kai kilomita 5 da rabi, tafkin da ta tara kuwa ya mamaye wajen hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa lita miliyan dubu 450 idan ya cika. Wanda ya ji wannan lissafi zai zaci mutanen Ruwan Gizo da sauran garuruwan yankin sun daɗe da ƙoshi da kifi. Ba haka abin yake ba.

Tun asali don noman rani aka yi aikin. An shirya shayar da hekta 23,000, kusan kashi biyu cikin uku da injunan feshi, sauran kuwa ta magudanai waɗanda ruwa ke bi da kansa. Manoman da aka karɓe wa gonaki sun yi ta kukan diyya, har abin ya kai ga arangama da 'yan sanda cikin watan Afrilu na 1980, inda aka rasa rayuka masu yawa. Bayan wannan tsada duka, ba a riƙe aikin yadda ya kamata ba. Zuwa shekarar 2003 injunan feshi sun daina aiki, abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba, magudanai kuma sun cika da laka da ciyawa. Sai cikin 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 domin shirin TRIMING, wanda Bakolori ke cikin manyan wuraren da ya ƙunsa, aka shiga yashe magudanai da gyara ƙofofin ruwa da mai da wani sashe na filin feshi zuwa ban ruwa na magudanai. Wannan gyara abin yabo ne, amma gyara ne na shinkafa. Kifi ba shi ne abin da aka sa gaba ba lokacin gini, ba kuma shi ne aka sa gaba ba lokacin gyara.

Kafin a tare kogin, ambaliyar damina ce uwar kifi. Ruwa ya haura fadama ya kwanta cikin ciyawa, tarwaɗa da ƙurungu da karfasa su bi shi su zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a wurin da abinci ya yawaita kuma manyan kifaye ba su cika kai musu ba. Idan ruwa ya janye sai ya bar tafkuna cike, masunta su yi su har bazara. Da madatsa ta rage ambaliyar, sai wannan tsari ya karye. Wani masani daga Jami'ar Kambirij ta Ingila, W. M. Adams, wanda ya binciki ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar ya kuma buga sakamakonsa cikin 1985, ya nuna cewa noman shinkafar fadama ya ragu ƙwarai, kamun kifi ma ya faɗi.

An sa rai tafkin zai mayar da abin da fadama ta rasa, amma yana da nasa cikas. Ruwansa ja ne, yana ɗauke da ƙurar yumɓu wadda ba ta kwanciya da wuri, saboda haka hasken rana ba ya ratsa shi da nisa. Inda haske bai kai ba tsiro ba ya fita, inda babu tsiro kuwa ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci ba su yawaita. Har wa yau, gefensa marar zurfi, inda kifi ke sheƙa, ba shi da faɗi, ga shi kuma da rani ana sakin ruwa domin gonaki, gaɓar ta yi ta ja da baya.

Abin da masu akwatin teku suka sani

A nan ya kamata mu leƙa wata sana'a wadda ba ta ƙasarmu ba ce, domin tana da abin koya mana. A Turai da Amurka da Japan akwai masu ajiye kifin teku da murjani cikin akwatin gilashi a ɗakunansu. Al'adar ta daɗe: tun 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na birnin Landan. Murjanin nan da muka sani a wuyan amare, a teku halitta ce mai rai, kuma irin wanda ke gina duwatsun ƙarƙashin ruwa yana rayuwa ne tare da wasu ƙananan tsirrai da ke cikin jikinsa, waɗanda ba su yi sai da haske. Don haka mai akwatin dole ya kwaikwayi teku sosai: gishiri wajen giram 35 cikin kowace lita, zafi wajen digiri 25, famfo yana motsa ruwa dare da rana, fitila tana tsayawa a madadin rana.

Idan aka yi wa irin wannan akwati sakaci na 'yan watanni, lalacewarsa tana bin hanya ɗaya. Ruwa ya yi tururi ya tafi ya bar gishirinsa, sauran ya ƙara zartsi. Famfo ya toshe, fitila ta dushe, kashin kifi da ragowar abinci su taru a ƙasa, gansakuka ta lulluɓe duwatsu, murjani ya koɗe ya mutu. Wanda bai san aikin ba, da ya ga haka sai ya zubar da ruwan duka, ya wanke duwatsu tas, ya cika da sabon ruwa, ya sayo kyawawan kifaye ya zuba. Cikin 'yan kwanaki sai ya kwashe gawarsu.

Dalili kuwa shi ne, kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya, kuma wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune a jikin duwatsu da yashi, su ne ke juya ta zuwa abin da bai kai ta cutarwa ba. Wanda ya wanke duwatsu da ruwan famfo ya kashe ma'aikatansa ke nan, kuma sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin su sake yawaita. Bugu da ƙari, kifin da ya tsira cikin gurɓataccen ruwa ya riga ya saba da shi sannu a hankali. Canji na farat ɗaya, ko da zuwa ruwa mai kyau ne, yana iya kashe shi.

Saboda haka gwani ba ya farawa da kasuwa. Awo yake fara yi, ya rubuta yawan gishiri da zafi da guba. Sa'an nan ya cike gurbin abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri, kaɗan-kaɗan. Ya gyara famfo. Kowane mako ya canja kashi ɗaya cikin goma ko cikin biyar na ruwan, ya zuƙe dattin ƙasa sashe-sashe, ya ƙara hasken fitila mataki-mataki. Sai awo ya nuna gubar ta ƙare sa'an nan ya kawo sabon kifi, ɗaya ko biyu, bayan ya killace su a wani akwati dabam ya tabbata ba su da cuta. Sabuwar na'ura mai tsada ita ce ta ƙarshe a lissafinsa.

Tafki da kududdufi

Lalle tafkin hekta 8,000 ba akwati ba ne, babu mai iya canja masa ruwa. Amma tsarin aikin bai bambanta ba, kuma mu a ƙasar nan mun saba juya shi ne. Abin da ya fi sauƙin shiga kasafin kuɗi shi ne sayen 'ya'yan kifi dubbai, a tara jama'a, a yi jawabi, a juye su cikin ruwa a gaban masu ɗaukar hoto. Ba a cika tambayar me za su ci ba, ko nawa ne za su tsere wa tsage da giwan ruwa da taru mai ƙananan idanu.

Abin da ya kamata a fara da shi a Bakolori shi ne awo: ma'aikaci a kowace mashigar jirage yana rubuta nauyi da irin kifin da aka fito da shi, wani kuma yana auna duhun ruwa da zurfinsa wata-wata. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa, wadda ta samo asali daga binciken tafkin Kainji, ta san wannan aiki. Bayan awo sai toshe kafar ɓarna. Lakar da ke jan ruwan daga nesa take zuwa, gama kogin ya taso ne daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau, kuma duk gonar da aka nome har bakin gaɓa, duk itacen da aka sare a kan rafi, suna ƙara masa kaya. Dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba da nakiya, amma doka ba ta shiga jirgi da dare. Sarkin Ruwa da dattawan Sarkawa su ne suka san mai zuba maganin ƙwari a ruwa, kuma su ne tun kaka da kakanni ke rufe gurbi su hana taɓa shi sai ranar su. Bikin Argungu, can ƙasa a kan wannan ruwa, da irin wannan hani yake tsaye. A ganina duk wani shiri da bai ba su wurin zama da murya ba, takarda ce kawai. Gaskiya ne matsalar 'yan bindiga da ta addabi jihar Zamfara ta sa zuwa wasu gaɓoɓin tafkin ya zama kasada, wannan kuwa ƙarin dalili ne na dogara ga mutanen da ke kwana a wurin.

Inda darasin akwatin ya fi kama jiki shi ne ƙananan kududdufan kiwo, waɗanda manomi ko makaranta ko ƙungiyar matasa ke iya haƙawa kusa da magudanai. Wanda ya gaji tsohon kududdufi da aka yi watsi da shi, ya fara zubar da ruwan ya bar ƙasan ya bushe har ya tsattsage, ya kwashe baƙar laka ya kai gona, gama taki ce. Ya toshe ramukan ɓera da kaguwa a jikin ganuwa, ya barbaɗa farar ƙasa, ya ɗaura raga a bakin mashigar ruwa domin kada baƙin kifaye su shigo. Bayan ya cika, ya zuba kashin kaji kaɗan ya jira mako ɗaya ko biyu har ruwan ya yi kore. Awonsa hannunsa ne: ya tsoma har gwiwar hannu, idan tafin ya soma ɓacewa a nan to ruwan ya yi, idan ya ɓace tun a wuyan hannu takin ya yi yawa. Sai a lokacin ya zuba iri. Idan da asuba ya ga kifi sun taru a sama suna haƙi, iska ce ta yi ƙaranci, ya dakatar da abinci ya ƙara sabon ruwa. Da hunturu ya rage abinci, domin karfasa ba ta ci sosai idan ruwa ya yi sanyi, abin da ta bari kuwa ruɓewa yake yi.

Abu biyu ne suka fi ƙarfin manomi shi kaɗai. Na farko, ruwan da ya fito daga gonar shinkafa yana iya ɗauko maganin feshi, don haka dole kududdufi ya sha daga magudanar da ke kawo ruwa, ba wadda ke fitar da shi ba. Na biyu, idan aka rufe magudanai domin yashewa, shinkafar da aka girbe ba ta da asara, amma kifi ba ya jira. Wajibi ne Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa su sanar da ranakun rufewa tun da wuri, su kuma sa masu kiwon kifi cikin rajistarsu, su biya kuɗin ruwa kamar kowa.

Ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da na Kwalejin Aikin Gona ta Bakura suna neman abin da za su rubuta a kai kowace shekara. Sikeli ɗaya, da ma'aunin zafi, da farin faranti ɗaure da igiya domin auna duhun ruwa, da littafi mai bango mai ƙarfi, sun isa a soma. Idan aji ɗaya ya miƙa wa na bayansa littafin har shekara biyar, jami'in kifi na jihar zai sami alƙaluman da zai ajiye a gaban kwamitin kasafin kuɗi, ya ce ga watan da ya kamata a rufe su, ga kuma gaɓar da ta cancanci a zuba mata iri.