Sukari iri uku a cikin ƙwaryarmu

Duk wanda ya zauna majalisar shayi a Madarunfa ya san yadda ake zuba sukari a buta ba awo. Masana sun ce sukarin nan yana cikin dangin da ake kira "disakarid", wato sukari mai ƙwaya biyu a haɗe. Iri uku ne muke ci kullum.

Na farko shi ne sakaros, wanda ake tatsa daga rake: gulukos da furuktos ne suka haɗu suka ba da shi. Shi ne farin sukarin da ’yan kasuwa ke shigowa da shi buhu-buhu, shi ne kuma zaƙin mazarƙwaila. Na biyu laktos, sukarin madara, haɗin gulukos da galaktos. Litar madarar saniya tana ɗauke da kimanin gram 45 zuwa 50. Na uku maltos, gulukos biyu, wanda ke fitowa idan gero ko dawa suka yi tsiro.

Jiki ba ya amfani da ɗayansu sai hanji ya raba ƙwayoyin biyu. Sinadarin da ke raba laktos yana raguwa a jikin manya da yawa, shi ya sa ɗanyar madara ke sa su kumburin ciki da zawo. Fulani da yawa suna riƙe da sinadarin har tsufa. Idan nono ya yi tsami, ƙwayoyin halitta sun riga sun cinye wani kashi na laktos, don haka fura da nono ta fi kwanciya a ciki.

Haɗarin yana ga sukarin da muke ƙarawa da hannunmu. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da abinci ke bayarwa a yini. Ga babban mutum kimanin gram 50 ke nan, kusan ƙwaya goma ta sukarin kwali. Zuma da lemun kwalba suna cikin lissafi, amma ban da laktos na madara. Wuce haka kullum yana ruɓar da haƙora, yana jawo ƙiba, ƙiba kuwa tana buɗe wa ciwon sukari ƙofa.

Ma'aikaci a ofis da ɗan kasuwa a rumfa, kowa ya ƙirga ƙwayoyin da ke shiga butarsa daga safe zuwa dare, musamman a watan azumi, ya kuma je likita a auna masa jini.