Fatar Zabiya da Zafin Rana

A unguwanninmu na kudancin kogin Kaduna, Kakuri da Makera da Barnawa, har ƙauyukan da ke bayan Sabon Tasha, ba wanda bai taɓa ganin zabiya ba. Amma kaɗan ne suka san ɓarnar da rana take yi wa fatarsa.

A cikin fatar baƙin mutum akwai wani launi, likitoci suna ce da shi melanin. In rana ta bugo, shi yake tare ta. To, zabiya ba shi da wannan launi, ko kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Watau fatarsa kamar ɗaki ne da ba jinka.

Gado ne daga uwa da uba duka biyu, ko da su kansu baƙaƙe wuluk ne. In dukansu suna ɗauke da irin, cikin kowace haihuwa rabon a sami zabiya 1 ne cikin 4. Saboda haka maigida ya bar zargin matarsa, rabin abin daga gare shi yake. Kuma ba a ɗauka, ku ci tuwo kwano ɗaya da shi.

Da fari rana takan sa fatar ta yi ja, ta yi zafi, ta saluɓe. In aka yi shekaru haka, sai ta yi kaushi, wasu ɓawo-ɓawo su fito a kunne, da leɓe, da ƙeya, da bayan hannu. Daga cikinsu ne ciwon daji yake tasowa.

Kariya ba ta da tsada. A sa wa yaro malfa mai faɗi tun yana ƙarami, da riga mai dogon hannu, mai kauri. Hula ƙube ba ta rufe kunne. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ya zauna a inuwa, tun ba a Maris da Afrilu ba. In noma ne, a yi da sassafe ko bayan la'asar. In za a koya masa sana'a, gara ɗinki ko tsaron kanti da talla. Hazon hunturu kuwa kada ya ruɗe ku, rana tana ratsa shi.

Akwai man kare rana a kantin magani. Ku duba lambar jikin kwalbar, ta kai 30 ko ta fi. Man kaɗanya yana tausasa fata, gaskiya ne, amma ba ya tare rana.

Tun 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya take tunawa da zabaya kowace 13 ga Yuni. Madalla, amma duba fata aikin kowane wata ne. Uwa ta duba ɗanta, mata ta duba ƙeyar mijinta, domin ba ya ganin wurin da kansa.

In kuka ga miki ya wuce wata guda bai warke ba, ko yana zubar da jini, ko yana ƙara girma, kada ku barbaɗa masa garin magani, kada a kai wa wanzami ya tsaga. Ku tafi Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri. In abin ya fi ƙarfinsu, za su ba ku takarda zuwa Asibitin Barau Dikko a hayin kogi, ko babban asibitin Shika kusa da Zariya. Mikin da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, likita yakan yanke shi ya ɗinke, sau da yawa ran nan a koma gida.