Ranar 14 ga Yuli: Daga Kurkukun Bastil zuwa Gaɓar Tekun Sidni

Ranar 14 ga Yuli ita ce ranar ƙasa ta Faransa, kuma asalinta yana komawa ne ga shekarar 1789, lokacin da talakawan birnin Paris, waɗanda tsadar burodi ta gallabe su kuma korar minista Necker da Sarki Louis na 16 ya yi ta ƙara fusata su, suka kwashi bindigogi daga ma'ajiyar makaman Invalides, suka nufi Bastil domin neman albarushi. Bastil tsohuwar ganuwa ce da aka mayar kurkuku, inda sarki kan tsare mutum da takardar umarni kawai ba tare da shari'a ba, kuma ko da yake fursunoni bakwai kaɗai aka tarar a cikinta, faɗuwarta ta nuna wa kowa cewa ikon sarki yana da iyaka. An kashe kwamandanta, de Launay, a wannan rana.

Bayan shekara guda, a ranar 14 ga Yuli 1790, an yi gagarumin taron haɗin kan ƙasa a filin Champ de Mars, inda Janar Lafayette da sarkin kansa suka yi rantsuwar biyayya ga tsarin mulki. Wannan ne ya sauƙaƙa wa majalisa aikinta a shekarar 1880, sa'ad da ta amince da ƙudurin ɗan majalisa Benjamin Raspail na mayar da ranar hutun ƙasa, domin dokar ba ta fayyace wace shekara ake tunawa ba. Mai ƙyamar zubar da jinin 1789 yana iya riƙe sulhun 1790, kuma hikimar wannan shiru ce ta sa ranar ta samu karɓuwa a ƙasar da kanta ke rabe. Faransawa kan kira ta bikin ƙasa kawai, masu magana da Ingilishi ne suka laƙaba mata sunan Bastil.

A Ostiraliya ranar ba hutu ba ce, kuma tana faɗowa a tsakiyar hunturu, don haka bikin ya ɗauki wata kama dabam da faretin soja da wasan wuta na Paris. A Sidni akan kafa rumfuna na 'yan kwanaki a Circular Quay, ana sayar da cuku da gasasshen burodi da kayan zaƙi, ana kiɗa da waƙa, haka ma a Melbon da Brisben, yayin da cibiyoyin Alliance Française, masu koyar da harshen Faransanci, kan shirya liyafa.

Sai dai wanda ya tsaya ga abinci bai ga tushen zumuncin Faransa da Ostiraliya ba. A Janairun 1788 jiragen La Pérouse, wanda Louis na 16 ya tura binciken teku, suka iso mashigin Botany da ke Sidni kwanaki kaɗan bayan ayarin jiragen ruwa na farko na Ingila, kuma unguwar da ke wurin tana ɗauke da sunansa har yau. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya: a Fromelles da ke Faransa, a Yulin 1916, sojojin Ostiraliya fiye da 5,500 aka kashe ko aka raunata ko aka kama cikin kwana guda, sannan a Afrilun 1918 suka ƙwato garin Villers-Bretonneux daga hannun Jamusawa, garin da yaran makarantun jihar Victoria ta Ostiraliya suka tara kuɗi aka sake gina makarantarsa. Domin tunawa da cika shekara 100 da gumurzun Somme na wannan yaƙin ne aka gayyaci sojojin Ostiraliya da na New Zealand suka yi maci a kan titin Champs-Élysées a faretin 14 ga Yuli 2016.