Mota biyu a gangar jiki ɗaya

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, masu hannu da shuni ma sun koma lissafin lita. Shi ya sa ido ya karkata ga manyan motocin da ke shan fetur kuma ake jona su a caja, irin su BMW X5 45e da Volvo XC90 T8 da Range Rover P400e. Ka yi caji da dare, ka zaga gari da lantarki, in tafiya ta yi nisa injin fetur ya karɓa.

Sai dai mota biyu ce aka cusa a gangar jiki ɗaya. Duk abin da ke lalacewa a motar fetur yana nan, ga kuma babban batirin lithium mai ƙarfin volt 300 zuwa 400, ga injin lantarki, ga na'urar da ke sauya wutar batir zuwa irin wadda injin ke ci, ga bututun ruwan sanyaya su. Kowanne da kwamfutarsa, kuma in ɗaya ya yi tari sauran sai su ɗauka.

Sau da yawa mai laifin shi ne ƙaramin batirin volt 12 da kowa ya sani. Shi ke tayar da kwamfutocin, shi ke rufe makunnin da ke haɗa babban batir da mota. In ya yi sanyi, mota mai cikakken caji sai ta ƙi motsi, allo ya cika da fitilun gargaɗi. Gyaran nan mai sauƙi ne ga wanda ya gane, wanda bai gane ba kuwa sai ya shiga canza kayan da lafiyarsu ƙalau.

Babban batirin ne ke karya aljihu. A 2020 kamfanin BMW ya yi kiranyen motoci irin waɗannan fiye da 26,000 a duniya, saboda datti da ya shiga ƙwayoyin batir tun a masana'anta, wanda ke iya haddasa gobara, har aka ce masu su su dakatar da caji. A 2025 Volvo ma ya yi makamancin haka. A Turai da Amurka kamfani ne ya ɗauki nauyin gyaran, kuma garantin batir yakan kai shekara shida zuwa takwas. Bayan nan, sabon batir dubban daloli ne.

To a daidai waɗannan shekarun ne motar ke hawa jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Mai saye a Kano ya gaji batir da ya tsufa, ya kawo shi inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, alhali zafi na saurin cinye ƙarfin lithium. Wani sashen ko an samo shi a kasuwar Ƙofar Ruwa, ba zai yi aiki ba sai an daidaita shi da motar ta kwamfutar kamfani.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran gareji. Rewayan da ya saba taɓa waya da hannu ba lallai ya san cewa wayoyi masu ruwan lemo na iya kashe mutum nan take ba. Kafin a kusance su sai an cire makunnin tsaro, an jira wutar ta sauka, an sa safar hannu ta roba ta musamman, an kuma gwada da mita.