Katako Yana Motsi: Abin da Na Koya a Rumfar Kafinta

Duk mai ƙofar katako a gidansa ya san halinta. Damina na yin nisa sai ta kumbura, sai an sa kafaɗa kafin ta rufu. Hunturu na kamawa kuma ta saki, har a riƙa hango haske ta gefenta. Mutane kan ɗora laifin a kan kafinta. Wani lokaci da gaskiyarsu, amma tushen abin yana cikin katakon kansa.

Ni ɗalibin zanen kayayyaki ne a jami'a. Aikinmu tsara siffar kujera da tebur da kabad a kwamfuta kafin a ƙera su. Da lokacin SIWES ya zo, wato shirin koyon aiki da hukumar ITF ke kula da shi, sai na roƙi wani dattijon kafinta a Kano ya karɓe ni. Rumfarsa ba ta da nisa da 'Yan Katako ta Na'ibawa, can muke zuwa sayen falanki.

Bai fara ba ni zarto ba. Wasa cizal da gugar samfefa na yi ta yi, yana koya mini sanin itace. Obeche fari ne, ba nauyi, farce ma yana shigarsa, ƙwari kuma suna sonsa. Maɗaci ja ne, yana ɗaukar sheƙi. Loko yana da nauyi, gara ba ta cika samun sa'arsa ba, sai dai ƙurarsa tana sa tari. Melina kuwa baƙuwa ce, daga Asiya aka kawo irinta. Yawancin katakon nan daga dazukan kudu manyan motoci ke kawo shi, sau da yawa da sauran ɗanyantakarsa. Maigida yakan ɗaga falanki ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, sannan ya ce, "Wannan bai gama shan iska ba, yaro. Jingine shi a inuwa."

Ko bayan an sare itace an yanka shi, yana ci gaba da shan laimar iska yana kuma fitar da ita. A watan Agusta ya sha ya kumbura, a Janairu iskar hunturu ta zuƙe shi ya tsuke. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne motsin ba ɗaya ba ne ta kowane ɓangare. Katako tamkar ɗaurin kara yake, jijiyoyinsa duk sun miƙe ta tsawo. Ta tsawon nan kusan ba ya canzawa, ta faɗi yake buɗewa da tsukewa. Falanki mai faɗin inci 12 na iya motsawa kusan kwatan inci tsakanin damina da rani. Layin da na ja a kwamfuta ba ya yin haka, inda na ajiye shi nan zan same shi.

Daga nan ne hikimar haɗi ta samo asali. Wanda muka fi yi shi ne harshe da rami: a fiƙe ƙarshen katako ɗaya ya zama harshe, a huda rami daidai shi a jikin ɗayan. Ƙa'idar ita ce kaurin harshen ya zama kashi ɗaya bisa uku na kaurin katakon. In ya fi haka, bangon ramin ya yi rauni. In bai kai ba, harshen ya karye. Haɗi mai kyau da tafin hannu ake tura shi, a ƙarasa da bugu mara ƙarfi. Dabarar ta daɗe ƙwarai. Jirgin ruwan Fir'auna Khufu, wanda aka gano a gefen babbar dalar Giza ta Masar a 1954, da irin wannan haɗi da igiyoyi aka harhaɗa shi shekaru wajen 4,500 da suka wuce.

Akwai kuma na kusurwar durowa da akwati, mai haƙora masu faɗin baki irin na wutsiyar kurciya. Duk jan da za a yi wa durowar, haƙoran ƙara kama juna suke yi. Shi ya fi cin lokaci, domin kaurin layin fensir kaɗai ya isa ya ɓata shi. Saboda haka da wuƙa Maigida yake shata layi, kuma kullum zarto yana bi ta gefen da za a yar.

Aikin da ya fi burge ni shi ne ƙofa. Ana haɗa firam da harshe da rami, a tsaga kwari a cikinsa, a zura allon tsakiya ba tare da gam ko ƙusa ba. An bar masa wurin kumbura da wurin tsukewa, don haka ba ya tsagewa. Haka ma saman tebur: ramin sukurun da ke riƙe shi akan yi shi dogo, domin saman ya samu hanyar motsi.

Ba zan ɓoye ba, abin da na gani a kasuwa ya dame ni. Yawancin kujerun da ake sayarwa da ƙusa da gam kawai aka haɗa su, alhali ƙusar da aka buga a bakin jijiya ba ta riƙo, gam kuma tsotse shi bakin yake yi. Ga allon MDF da ya cika gari, mai kyau a ido, amma ruwa na taɓa shi ya kumbura har abada. Kafintoci da yawa sun iya aikin ƙwarai. Mai saye ne yake son kaya gobe, a farashin jiya, ba ya kuma biyan yinin da haɗi ɗaya ke ci.

Yanzu a kowane zanena ina sa kibiya mai nuna inda jijiya ta dosa, ina rubuta sunan itacen da irin haɗin da za a yi, ina kuma barin ratar motsi. In za ka sayi tebur, ka kifa shi ka duba inda ƙafa ta haɗu da jiki. Ka dafa shi ka girgiza, sannan ka tambayi kafintan wane itace ne, kuma tun yaushe yake ajiye a rumfarsa.